TSABTAR MADAFI: DAGA BAKIN RUMBU ZUWA AKUSHI

Wannan takarda ta manoman ƙasar Magami ce, da na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da dagatai da masu unguwanni waɗanda ke riƙe da jama'a. Wanda ya iya karatu, in ya gama, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. Ya kuma shiga da ita cikin gida ya karanta wa mata, don su ne ke zaune bakin murhu, rabin maganar nan tasu ce. Ɗaya rabin kuwa na maigida ne, kamar yadda za ku gani.

Ku dubi wahalar da manomi ya kan sha a kan dami guda na dawa. Tun bazara ya yi sharar gona, ya kai taki. Ruwa ya sauka ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, ya kori tsuntsu. Kaka ta yi ya girbe, ya ɗaure, ya kai rumbu. Wata shida ko bakwai ke nan yana fama. Amma tsakanin bakin rumbu da akushin da za a ajiye masa da dare, sau da yawa bai fi taku ashirin ba. To, cikin takun nan ashirin ne abinci ya kan zama ƙarfi a jikin iyali, ko kuwa ya zama musu ciwo. Manomin da ya tsare gonarsa daga ɓarnar dabbobi, sa'an nan ya bar madafinsa ga ƙuda da ɓera, ya yi aikin baban giwa. Saboda haka bari mu bi hatsi tun daga rumbu har ya shiga baki, mu ga inda ɓarna ta kan shigo.

ABOKAN GABAN DA IDO BA YA GANI

Da farko ku sani akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. Su a ke kira ƙwayoyin cuta. Suna cikin kashin mutum da na dabba, da ruwan kududdufi, da ɗanyen nama, da ƙarƙashin farce. Ba su da ƙafar zuwa cikin tukunya da kansu, sai an kai su. Masu kai su kuwa huɗu ne: hannu, da ruwa, da ƙuda, da ɓera.

In sun sami abinci mai laima da ɗumi, ƙwaya guda ta kan rabu biyu cikin kamar minti 20. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Wanda ya iya lissafi ya gwada, zai ga cikin awa bakwai ƙwaya ɗaya ta wuce miliyan biyu. Watau kunun da aka dama da hantsi aka ajiye a buɗe, kafin la'asar ya zama garinsu, alhali kamanninsa ba su sake ba, ƙanshinsa ma yana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙidaya a 2015, ta ce kowace shekara mutum wajen miliyan 600 su kan kwanta ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su mutu. Cikin mamatan nan 125,000 yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Ba duka a gidajen waɗansu su ke ba. Kowane dagaci ya san yawan ƙananan kaburburan da a kan tona a garinsa tsakanin Yuli da Satumba.

RUMBU DA SHANYA

Tsabtar tuwo daga rumbu ta ke farawa. Kafin a zuba sabon hatsi, a kwashe tsohon sarai, a share ciki, a liƙe tsaga, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rumbu ya zauna bisa duwatsu, a nome ciyawar da ke kewaye da shi. Buhunan da ke ɗaki kuwa a ɗora su bisa katako, kada su taɓa ƙasa ko su jingina da bango.

Ɓera ba ɓarawon hatsi kaɗai ba ne. Fitsarinsa da kashinsa su ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, kuma ya kan tashi a ƙasar nan da rani. Don haka shanyar gari ko rogo ko masara a bakin hanya, a kan ƙasa tsirara, ba dabara ba ce. A yi rumfar shanya mai tsawo, ko a shimfiɗa tabarma mai tsabta, rana ta faɗi a kwashe.

Abu na biyu shi ne fumfuna. Gyaɗa da masara in an ajiye su ba su bushe sosai ba, wata irin fumfuna ta kan kama su, ta zuba musu dafi wanda likitoci ke kira afalatoksin. Dafin nan wuta ba ta kashe shi, ko an soya ko an dafa. Yana cin hanta sannu a hankali, yana kuma hana yaro girma. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu don sun ci masarar da ta yi fumfuna. Ga kuskuren da a kan yi a gidajen manoma: a zaɓi gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, a bar ƙanjamammiya da mai baƙi da mai ɗaci a gida don miya da ƙuliƙuli. Wannan sayar da lafiya ne a ajiye cuta. Ƙwayar da ta ɓaci a tsince ta a ƙone, kada ma a ba kaji ko saniyar tatsa, don dafin yana bi ta cikin madara.

Abu na uku maganin ƙwari. Ƙwayar nan da a kan jefa cikin buhun wake tana fid da iska mai kisa. Ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana, ko a madafi. Wanda ya iya, ya nemi buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda ke shaƙe ƙwaro ba tare da magani ba, in dai an ɗaure bakin kowane riɓi tam.

TURMI DA INJIN NIƘA

Nan fa ku kasa kunne, don abin da za a faɗa a ƙasarmu ta Zamfara ya faru, ba a wata uwa duniya ba.

A watan Maris na 2010 likitocin agaji na ƙungiyar MSF suka lura yara suna ta mutuwa a waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya yi ta amai, ya shiga jijjiga, ya suma, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi masa kome ba. Da aka auna jininsu, sai aka tarar gubar dalma ce. Mafarin abin, zinariya ta yi tsada, mutane suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Duwatsun kuwa cike su ke da dalma. Ƙurarta ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, ta shiga turmi da ƙwarya da garin tuwo. A ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, da aka bi gida gida aka ƙidaya, sai aka ga cikin yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya mutu cikin shekara guda. Jimlar yaran da suka rasu a yankin ta kai wajen 400. Kafin a shawo kan abin sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai sami wannan aiki ba sai a 2013. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja.

Iyayen yaran nan ba mugaye ba ne, abinci su ke nema wa iyalinsu. Abin da ba su sani ba shi ne dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, tafasa ba ta kashe ta. Yaron da ya tsira ma ta kan taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya tashi da wuyar fahimta har iyakar ransa.

To, samarinmu da yawa su kan tafi haƙar zinariya da rani. Ga dokar da ya kamata kowane maigida ya kafa. Dutsen ma'adini ba ya shiga gida, ko da a buhu. Turmin hatsi na hatsi ne kaɗai, haka taɓarya da rariya da ƙwarya. Wanda ya dawo daga wurin haƙa ya yi wanka a waje, ya sake tufafi da takalmi tukuna ya shigo, kada ya ɗauki yaro da rigar aiki. Buhun da aka zuba ma'adini ba ya komawa na hatsi. Kada a kai niƙa injin da aka san ya taɓa niƙa dutse. Har wa yau, kada a fasa tsohon batirin mota a narka dalmarsa a murhun girki.

Ko gidan da ba ruwansa da zinariya, turmi yana son kula. In an gama daka a goge shi, a kife shi bisa dutse, kada akuya ta lashe, kada kaji su kwana a kai.

GISHIRIN DA BA GISHIRI BA

A watan Agusta na 2021, a ƙauyen Danzanke na ƙasar Isa cikin Jihar Sakkwato, mutum 24 'yan gida ɗaya suka mutu bayan sun ci abinci. Hukuma ta ce wani irin takin zamani ne, wanda a ke kira gishirin lalle, aka zuba cikin girki a zaton gishiri ne. Ku dubi girman asarar, ku dubi ƙanƙantar sanadinta: farin abu a cikin ƙulli, an ajiye shi inda bai kamata ba.

Gidan manomi a yau cike ya ke da irin waɗannan kaya: takin zamani, da maganin feshi, da maganin ɓera, da irin shuka wanda aka cuɗa da magani, da kananzir. Duk maigida ya keɓe musu wuri nesa da madafi, mai ƙofa da kwaɗo, mabuɗi a aljihunsa. Kada a juye maganin feshi cikin kwalbar lemo, yaro zai sha. Jarkar da maganin ya ƙare a huda ta a binne, ba ta zama ta man gyaɗa ko ta ruwa, kome wankin da aka yi mata. Iri mai magani in ya ragu bayan shuka, ba a wanke shi a ci. Gishiri da kanwa kuma su sami nasu mazubi mai murfi, wanda kowa a gidan ya san shi.

RANDA DA MOƊA

A 1854 cutar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamata yana tambaya, ya tarar yawancinsu famfo ɗaya su ke ɗiba. Ya sa aka cire hannun famfon. Tun daga irin binciken nan aka gane cutar ta ruwa ta ke bi, ruwan da kashin mai ciwo ya shiga. A 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, tare da Bauci da Jigawa da Kano.

Da damina ruwan sama ya kan share bayan gari, ya kwashi ƙazanta ya zuba a rafi da tafki da rijiyar da ba ta da baki. Wanda ke ɗiba a Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, ko a wani rafi, ya tuna akwai garuruwa a samansa. Hasken ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ne. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da ba a amince da shi ba, a tace shi da farin ƙyalle, a tafasa shi har ya yi ta zaɓalɓala minti guda cur, ya huce a rufe. Ko kuwa a sa masa maganin kulorin gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, a jira rabin awa tukuna a sha. In itace ya yi wuya, ko ba a tafasa na kowa ba, a tafasa na yara.

Amma sau da yawa ruwa ya kan zo da tsabta daga famfon burtsatse, a gida ya ɓaci. Moɗa tana yashe a ƙasa, yaro ya ɗauka ya tsoma har da hannunsa, ya sha, ya mai da saura. Maganin wannan, randa ta hau bisa dakali, ta sami murfi wanda ya rufe bakinta ruf. A yi mata moɗa mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa. Da ita a ke ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki. Kowane kwana biyu ko uku a juye randa a cuɗe cikinta, don kautar da santsi da 'ya'yan sauro. Guga da igiyarsa a rataye su, kada su kwana cikin caɓi. Mai haƙa sabuwar salga ya nisanta ta da rijiya kamar mita 30, ta kuma kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

MURHU DA HAYAƘI

Ku shiga madafin gidanku ku ɗaga kai ku dubi rufi. Baƙin kunkunniyar da kuka gani, irinsa ne ke shiga ƙirjin matar da ke girki, da na jaririn da ke goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki yana kashe mutum wajen miliyan uku a shekara, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya. Gyaran ba shi da tsada. A huda taga biyu sama kusa da rufi, suna duban juna. A tanadi itace tun da rani a ajiye shi ƙarƙashin rumfa, don ɗanye da jiƙaƙƙe su suka fi hayaƙi. Kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba. A gina wa murhu kewaye na laka, ya tare iska, ya rage cin itace, ya kuma hana mai rarrafe faɗawa cikin wuta. In da mai riƙon jariri, a ba shi, a sauke shi daga baya har a gama tuƙi.

Madafi ya sami daɓe, don ƙasa mai daɓe ita ke sharuwa. Ya sami ƙyaure, ko na kara ne, don awaki da kaji. Turken dabbobi kuma kada ya haɗa bango da shi.

HANNU, DA AKUSHI, DA KWANTAI

Lokatan wankin hannu biyar ne: bayan fitowa daga salga, bayan wanke wa yaro kashi, kafin a taɓa girki, kafin a ci, da kafin a ba yaro. Ruwa kaɗai bai isa ba, sai da sabulu. In babu sabulu, toka mai tsabta daga murhu ta fi babu. Al'adar nan ta a kawo ruwa a kwano guda, mutum goma su tsoma hannu bi da bi, ba wanki ba ne, rabon dauɗa ne, na ƙarshe kuwa yaro ne. A zuba wa kowa da buta, ruwan ya zuba a wani mazubi.

Ɗanyen nama da kayan ciki suna ɗauke da ƙwayoyin cuta ko da dabbar lafiyayya ce. Wuƙa da faifan da aka yanka nama a kai, a wanke su da sabulu kafin su taɓa albasa ko tumatir da za a ci ɗanye. Nama ya dahu har ciki, ba sauran ja. Dabbar da ciwo ya kayar, kada a yi saurin yanka ta a raba, a kira malamin dabbobi ya duba. Madara a tafasa ta tukuna a sa ta kwana ta zama nono, don tarin fuka da waɗansu zazzaɓi su kan bi ta ɗanyar madara. Latas da kabeji da karas na fadama a wanke su da ruwan da a ke sha, ba da na rafi ba.

Ƙuda daga salga ya ke tasowa, ya sauka a kan tuwo, ya yi tumbiɗi a kai, ya goge ƙafafunsa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi bai fi kwana bakwai zuwa goma ba. Faifai shi ne garkuwar akushi. Kome aka sauke a rufe shi, salga ma a rufe bakinta.

Abinci ya fi aminci sa'ad da ya ke da zafi. Dafaffen abinci in ya wuce awa biyu a ajiye, ƙwayoyin cuta sun fara aikinsu. Ɗumame abincinmu ne tun kaka da kakanni, ba wanda zai hana shi, amma a yi shi da gaske. Miya ta tafasa, tuwo ya yi zafi har tsakiyarsa yana tururi. Ɗumi-ɗumi shi ne abin da ƙwayoyin ke so. Abin da aka ɗumama sau ɗaya ya ragu, ba a sake ajiye shi.

Yaron da a ke yaye shi ya fi kowa haɗari. Jariri nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida, ko ruwa ba ya bukata. Bayan haka a dama masa kunu sabo kowane lokaci, a ba shi da kofi da cokali. Kwalbar shayarwa mai kan roba wuyar wankewa gare ta, ta kuwa jawo wa jarirai da yawa zawo.

WANKE-WANKE DA JUJI

Kwanukan dare kada su kwana da dauɗa, don su ke kiran kyankyaso da ɓera. A wanke da toka ko sabulu, a ɗauraye da ruwa mai kyau. Maigida ya kafa 'yan sanduna huɗu, ya yi gadon kara mai kai ƙugu a inda rana ke bugawa, a riƙa kife kwanuka da ludayi da muciya a kai. Rana ba ta karɓar ko kwabo, ga ta kuwa da kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwarya ko akushin da ya tsage, dauɗa ta kan maƙale a tsagar, a mai da shi na awon dusa. Soso a ɗauraye shi a rataye ya bushe.

Ruwan wanke-wanke kada a bar shi ya kwanta a kwatami yana wari yana haifar sauro. A haƙa rami a cika shi da tsakuwa ya riƙa tsotsewa, ko a ja masa hanya zuwa gindin zogale da gwanda. Shara da toka da ɓawo da kashin awaki kuwa dukiya ce aka ajiye ba a wurinta ba. A haƙa rami bayan gida, nesa da madafi, a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa. Kafin bazara ya ruɓe ya zama taki, a kwashe a kai gona. Da haka abin da zai tara ƙuda a gida ya koma ya ƙara dami a gona. Leda da batir da fasasshen gilashi ba sa shiga ramin nan.

IN CIWO YA RIGA YA SHIGO

Abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. A nemi ƙullin gishiri da sukari na asibiti a dama yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami tafasasshen ruwa lita guda wanda ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ba fasawa. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. In zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, a kama hanyar asibiti nan da nan, ana tafe ana ba shi ruwan. Mai jinya kuma kada ta taɓa girkin gida sai ta wanke hannu da sabulu.

AIKIN DAGACI DA MAI UNGUWA

A zamanin En'e akwai duba-gari, mai shiga gida gida yana leƙa randa da salga, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. Tsofaffi suna tuna yadda mata ke rige-rigen shara in an ce ga shi nan tafe. Amma tsabtar da a ke yi don tsoron tara, ran da mai tara ya daina zuwa ta kan tafi tare da shi. Wadda ke daɗewa ita ce wadda mutane suka san dalilinta, sanar da su kuwa aikin shugabanni ne.

Dagaci ya fara da gidansa, don talakawa abin da suka gani su ke bi. Ya sa a gina wa rijiyar gari baki da murfi, a hana wanki da shayar da dabbobi a gindinta. Ya san kowane injin niƙa da ke ƙasarsa, ya tabbata na hatsi bai taɓa dutse ba. Ran kasuwa ya sa a duba rumfar mahauta da masu fura da masu tuwo, a ga faifai bisa kowace ƙwarya. Ya sa ranar sharar gari kafin faɗuwar ruwa. Garin da 'yan gudun hijira suka sauka, kamar yadda rashin zaman lafiya ya tilasta wa ƙauyuka da yawa a shekarun nan, gida ɗaya ya kan ɗauki iyali uku, nan ne ya kamata a fara ƙara salga da randa. In kuwa aka ga mutum biyu ko uku sun kamu da amai da gudawa rana ɗaya, ko yara suna jijjiga ba a san dalili ba, a aika wa ma'aikatan lafiya da hakimi a ranar. Ɓoye ciwo don gudun sunan gari shi ke cika maƙabarta.

Daga ƙarshe, maigida, kada ka karanta wannan ka shiga gida da faɗa. Matar da ba a saya wa sabulu ba, ba a yi wa madafinta ƙyaure ba, ba a kawo mata busasshen itace ba, ba ta da laifi. Murfin randa, da moɗa mai hannu, da gadon kwanuka, da taga, da ramin taki, da kwaɗon ɗakin magani, duka aikinka ne. Ka zaɓi ɗaya ka gama shi cikin makon nan, mako mai zuwa ka kama na biyu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar cin abin da muka noma.